Bindiga a ƙugu a Niyok: abin da Kotun Ƙoli ta ce da abin da ba ta ce ba

Akwai wata magana da take yawo tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Bronx da Harlem a birnin Niyok, musamman direbobi da masu tsaron shago da dare, wai tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2022, kowa yana iya soke ƙaramar bindiga a ƙugu ya fita abinsa. Wasu ma sun ƙara mata gishiri, wai idan ka je Fulorida ko wata jiha mai sassauci ka karɓo lasisi, shi ke nan ka haye. Na fahimci abin da ke sa mutum ya so gaskata wannan. Wanda aka taɓa nuna masa wuƙa da ƙarfe biyun dare aka ƙwace masa cinikin yini ba ya buƙatar a yi masa bayanin tsoro. Amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma wanda ya yi aiki da ita yana iya wayar gari a gidan yari na shekaru.

Tushen abin tsoho ne. Tun 1911 jihar Niyok ta kafa dokar Sullivan wadda ta hana mallakar ƙaramar bindiga sai da lasisi, a 1913 kuma aka ƙara sharaɗin cewa mai son fita da ita sai ya kawo "dalili mai ƙarfi". Kotuna suka fassara wannan da cewa sai ka nuna kana cikin haɗarin da ya fi na sauran jama'a. Zama a unguwar da ake yawan fashi bai isa ba. Haka ya faru da Robert Nash, wani mazaunin gundumar Rensselaer, wanda ya kawo hujjar fashin da aka yi ta yi a unguwarsu, ya nuna ya yi horo, amma aka bar shi da lasisin farauta da koyon harbi kawai. Shi da Brandon Koch da ƙungiyar masu bindiga ta jihar suka kai ƙara, shari'ar da aka fi sani da Bruen. Ranar 23 ga Yuni, 2022, alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli suka soke wannan sharaɗi, Mai Shari'a Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin.

To, ga inda ake yin kuskure. Kotun ba ta soke lasisi ba. Sharaɗi guda ta cire, wato na a tambaye ka me ya sa kake so. Mai Shari'a Brett Kavanaugh da Alƙalin Alƙalai John Roberts, waɗanda suna cikin shidan, sun rubuta ƙarara cewa jihohi suna da ikon ci gaba da neman lasisi, da ɗaukar zanen yatsu, da binciken tarihin mutum, da tilasta horo. Niyok kuwa ba ta ɓata lokaci ba. Ranar 1 ga Yuli na shekarar Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a sabuwar doka, ta fara aiki 1 ga Satumba. An buɗe ƙofa guda, aka jera shingaye a bayanta.

Mai nema dole ya kai shekara 21. Zai zauna a aji na awa 16, ya yi awa 2 yana harbi da harsashi na gaske, ya ci jarrabawa. Zai kawo mutum huɗu da za su shaidi halinsa, ya bayar da sunan matarsa da duk baligin da ke zaune a gidansa, sannan ya je da kansa a yi masa tambayoyi ido da ido. A cikin birnin Niyok 'yan sanda ne ke bayar da lasisin, kuɗin takarda dala 340 ne, ban da na zanen yatsu, ban da ɗaruruwan dalolin da makarantun horo ke karɓa. Doka ta ba hukuma wata shida ta amsa, amma masu nema da yawa sun garzaya kotu saboda jiran ya zarce haka. Da farko har an ce sai ka miƙa jerin shafukanka na sada zumunta na shekara uku, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta dakatar da wannan a Disambar 2023.

Ga baƙi, magana a taƙaice take: mai katin zama na dindindin yana iya nema, wanda ba shi da takardu dokar tarayya ta hana shi taɓa bindiga kwata-kwata, mai bizar ziyara ko ta karatu ma an hana shi sai a wasu 'yan keɓantattun halaye.

Ko ka sami lasisin, da sauran rina a kaba. Dokar 2022 ta lissafa wuraren da ba a shiga da bindiga: jirgin ƙasa na birni da bas, makarantu, asibitoci, wuraren shaƙatawa na jama'a, gidajen da ake sayar da giya, dandalin Times Square, da wuraren ibada. Masallaci yana ciki, sai dai a 2023 an sassauta wa waɗanda aka ɗora wa alhakin tsaron wurin. Mai lasisi da ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan da bindiga ya aikata babban laifi da ke iya kai shi ɗaurin shekara 4. Ka duba rayuwar wanda ba shi da mota, wanda kullum a jirgin ƙasa yake zuwa aiki ya dawo, ka gaya mini ina lasisin zai yi masa amfani.

Yanzu hukuncin marar lasisi, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda aka kama da bindiga mai harsashi a wani wuri da ba gidansa ko wurin sana'arsa ba, ba tare da lasisin Niyok ba, mafi ƙarancin ɗaurinsa shekara uku da rabi ne, mafi yawa 15. Ba sai ya harbi kowa ba, ba sai ya nuna wa kowa ita ba. Idan an same shi da wannan laifi, alƙali ba shi da ikon ragewa ƙasa da shekara uku da rabin nan ko da bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba a rayuwarsa. Abin da ya rage shi ne mai gabatar da ƙara ya yarda a sauko zuwa ƙaramar tuhuma.

Kalmar "mai harsashi" ita ce tarkon. Kowa zai ɗauka ana nufin an ɗura harsashi a cikin bindigar. A dokar Niyok ba haka ba ne. Idan kana riƙe da bindiga, kuma a lokaci guda kana da harsasan da za su yi aiki da ita, to a idon doka bindigarka a ɗure take. Bindiga a aljihun mota, harsasai a cikin jaka a bayan mota, duk ɗaya ne. Wannan ne ke cin matafiya a filayen jirgin JFK da LaGuardia: mutum ya zo daga jiharsa da bindigarsa ta halal a kulle cikin akwati, zai koma gida, ya je da kansa ya faɗa wa ma'aikacin jirgi cewa yana ɗauke da ita kamar yadda ƙa'ida ta ce, sai a kira masa 'yan sanda. Niyok ba ta karɓar lasisin kowace jiha. Hatta lasisin da aka bayar a wasu gundumomin jihar ba ya aiki a cikin birnin sai da ƙarin izini daga 'yan sandan birnin. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Plaxico Burress, da kuɗinsa da lauyoyinsa, ya harbi cinyarsa bisa kuskure a wani gidan rawa a Manhattan a 2008, lasisinsa na Fulorida ne kuma ya ƙare aiki. Shekara biyu aka yanke masa bayan sasantawa.

Direbobi su lura da wani saƙo kuma. Idan aka sami bindiga a mota, doka tana fara ɗaukar duk waɗanda ke ciki a matsayin masu ita, sai in a jikin mutum ɗaya aka same ta. An keɓe direban haya da ke kan aikinsa na halal, amma wanda ya rage wa abokai hanya bayan an tashi daga biki ba ya cikin keɓewar. Sannan ga wanda ba ɗan ƙasa ba, laifin bindiga yana cikin laifuffukan da ake tasa ƙeyar mutum a kansu, ko da yana da katin zama na dindindin da iyali da shekara ashirin a ƙasar.

Ban zo in ce kowa ya riƙe bindiga ba. Birni ne na mutum fiye da miliyan takwas, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa cikin cunkoson jirgin ƙasa da safe ya san dalilin da hukuma ke ɗari-ɗari. Abin da ke damuna shi ne wanda nauyin ke faɗa wa. A zamanin tsohon tsari, attajirai da fitattun mutane ne aka fi sani da wannan lasisi, Donald Trump da bakinsa ya ce yana da shi. A 2016 da 2017 an gurfanar da wasu jami'an sashen bayar da lasisin kan karɓar cin hanci daga dillalai. A shari'ar Bruen ɗin ma, lauyoyin da ke kare talakawa kyauta a Bronx da Brooklyn sun rubuta wa Kotun Ƙoli cewa kusan duk waɗanda suke karewa kan wannan tuhuma baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, da yawansu kuma tsoro ne ya sa su riƙe makamin. Yau an daina tambayar dalili, amma awa 18 na horo da kuɗin da ke tafe da su da watannin jira sun fi sauƙi ga mai albashi da hutu a kan mai tuƙi awa goma sha biyu a rana.

Kotun Ƙoli da kanta ta ajiye wata 'yar magana a ƙasan hukuncin cewa dogon jira da kuɗi mai yawa suna iya zama dalilin sabuwar ƙara, kuma ana nan ana fafatawa a kotuna kan sassa da dama na dokar. Har a gama, wanda yake son lasisin ya cike takarda ya bi layi. Wanda kuma ya riga ya shigo da bindiga daga wata jiha bisa waccan jita-jita, ya nemi lauya yau, kafin ya sake sa ta a mota ko ya ɗauke ta zuwa ko'ina.