Koyar da Waldar MIG ta Babban Mataki a Kwalejojin Al'umma na Amurka

Waldar MIG, wadda littattafan koyarwa a Amurka ke kira GMAW, hanya ce ta haɗa ƙarfe da wutar lantarki inda inji ke turo siririyar waya ba tsayawa, ta bi ta cikin tiyo zuwa bakin abin riƙewar da masu sana'ar ke kira bindiga. Wayar ce ke ɗaukar wuta, ita ce kuma ke narkewa ta cike gaɓar da ake haɗawa, yayin da gas da ke fitowa a kewayenta ke kare narkakken ƙarfen daga iskar waje. A kwalejojin al'umma, wato makarantun gaba da sakandare masu karatun shekara biyu, akan raba koyar da ita gida biyu: kwas na farko da kwas na babban mataki. Na farkon yana koya wa ɗalibi jan layin walda a kan ƙarfen da ke kwance. Na biyun yana shirya shi ne don gwajin da kamfani zai yi masa kafin ya ɗauke shi aiki.

Asali

An ƙirƙiro wannan walda a shekarar 1948 a Cibiyar Battelle da ke jihar Ohio, da tallafin kamfanin Air Reduction. Da farko alminiyom aka fi yi da ita, domin gas ɗin da ake bukata yana da tsada. A 1953 wasu masana biyu na Tarayyar Sobiyat, Lyubavskii da Novoshilov, suka nuna cewa za a iya amfani da iskar kabon dayoksaid mai araha, daga nan ta shiga aikin baƙin ƙarfe. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 aka samo dabarar yin ta da ƙaramar wuta a kan siririn ƙarfe, abin da ya buɗe mata ƙofar masana'antun motoci da ƙananan shaguna.

Su kuwa kwalejojin al'umma sun girme ta. Kwalejin Joliet ta jihar Illinois, da aka kafa a 1901, ita ake ɗauka ta farko a cikin na gwamnati, sunan "kwalejin al'umma" kuma ya yaɗu ne bayan rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947. Wani kaso na kuɗin sayen injina yana zuwa daga gwamnatin tarayya a ƙarƙashin dokar Perkins ta ilimin sana'a, wadda aka kafa a 1984 aka sabunta a 2018. Tsarin darussan kuwa yawanci yana bin ƙa'idojin Ƙungiyar Walda ta Amurka, AWS, wadda aka kafa a 1919.

Matsalar da kwas ɗin ya zo magancewa

Wanda ya saba da waldar sanda, irin wadda ake gani a shagunan ƙofofi da tagogi a Kano ko Maraɗi, zai yi mamakin sauƙin MIG. Ba a canza sanda, babu ɓawon da za a kankare, wutar ba ta maƙalewa. Sabon ɗalibi na iya jan layi mai kyan gani a ranarsa ta farko. To, a nan gizo ke saƙar. Layin na iya kwantawa sumul a sama alhali bai narke ya shiga jikin ƙarfen ba, kamar an shafa kitse a kan tukunya mai sanyi. Ido ba ya ganin wannan lahani. Sai an ɗora nauyi gaɓar ta ɓalle. Kusan duk abin da ake yi a kwas na babban mataki ƙoƙari ne na raba ɗalibi da yarda da kyan layi.

Abu na farko shi ne fahimtar injin. Mai walda yana saita abu biyu, bolteji da saurin fitowar waya. Saurin wayar ne ke tantance yawan amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, shi kuma bolteji yana tantance tsawon harshen wutar. Akwai na uku da ba shi da maɓalli a jikin injin: tazarar da ke tsakanin bakin bindiga da ƙarfen. Idan hannu ya ja baya kaɗan, wayar ta ƙara tsawo, amfiya ta sauka, zafi ya ragu, ɗalibi bai ma sani ba. Malamai kan sa ɗalibi ɗaya ya yi walda, wani ya tsaya yana karanta lambobin da ke sauyawa a fuskar injin, don kowa ya ga yadda motsin hannu na rabin inci ke canza komai.

Hanyoyin zubar waya

Zuciyar darasin ita ce yadda narkakkiyar waya ke tsallakawa zuwa ƙarfen. Hanya huɗu ce.

A ta farko wayar tana taɓa narkakken ƙarfen, wuta ta ɗauke, ɗigo ya yanke, wuta ta sake kamawa, haka daga sau 20 zuwa sau 200 a daƙiƙa guda. Zafinta kaɗan ne, don haka tana da kyau ga siririn ƙarfe da aikin tsaye da na saman kai. Idan saitin ya yi daidai, ƙarar tana fita kamar ta suya a kasko, kuma malamai na koyar da ɗalibi ya saita injin da kunnensa. Gas ɗin da aka fi haɗa ta da shi kashi 75 argon ne, kashi 25 kabon dayoksaid. Ita ce kuma mai yawan haifar da lahanin da aka ambata, musamman a ƙarfe mai kauri.

Ta biyu manyan ɗigo ne ke faɗowa da nauyinsu, da tartsatsi mai yawa. Ana nuna wa ɗalibi ita ne galibi don ya gane ta ya kauce mata.

Ta uku feshi ce. Idan argon ya kai kashi 80 ko fiye, amfiya kuma ta wuce wani mataki, wayar kan koma ƙananan ɗigo masu gudu a jere, ƙarar ta zama huci marar yankewa. Ga waya mai kaurin inci 0.035 a gas mai kashi 98 argon da kashi 2 oksijin, matakin yana kusa da amfiya 165. Ga mai inci 0.045 kuwa kusan 220. Feshi na shiga ƙarfe sosai, yana kuma da sauri, sai dai narkakken ya yi ruwa da yawa, ba ya tsayawa a bango, don haka aikin kwance ake yi da shi.

Ta huɗu feshi ne mai bugawa: injin na ɗaga wuta ya sauke ta sau da yawa a daƙiƙa, kowane bugu ya saki ɗigo ɗaya. Da ita ake samun shigar feshi ba tare da narkakken ya zubo ba, har a saman kai. Sababbin injinan kamfanonin Lincoln Electric da Miller suna zuwa da shirye-shiryen da ke yi wa mutum yawancin saitin. Wannan alheri ne a masana'anta, amma a aji yana iya zama cikas, domin ɗalibin da ya dogara ga shirin injin ba ya sanin abin yi ranar da aka ba shi tsohon inji mai maɓalli biyu.

Alminiyom da ƙarfe marar tsatsa

A baƙin ƙarfe wayar da aka fi sani ita ce ER70S-6, lambar 70 na nufin ƙarfin jan da ya kai fam dubu 70 a kowane murabba'in inci. Da an koma alminiyom sai dokoki su canza. Shi kansa yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, amma fatar da ke rufe shi sai ta haura digiri 2,000, don haka dole a goge ta da burushin da ba a taɓa sa wa baƙin ƙarfe ba. Wayarsa, ER4043 ko ER5356, tana da laushi. Idan aka tura ta cikin dogon tiyo sai ta cukuikuye a bakin injin, abin da masu sana'ar ke kira sheƙar tsuntsu. Maganinsa bindiga mai ɗauke da ɗan ƙullin waya a jikinta, ko wadda ke jan wayar daga gaba yayin da injin ke turo ta daga baya. Gas ɗinsa argon ne zalla.

Ƙarfe marar tsatsa na zuwa da darasin lafiya. Hayaƙinsa na ɗauke da wani nau'in kuromiyom mai haddasa sankara, wanda hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ƙayyade a 2006 cewa kada ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska. A 2017 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya hayaƙin walda baki ɗaya a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Shi ya sa kowane ɗan ɗakin walda a kwaleji ke da bututun zuƙe hayaƙi, da labule mai tare hasken da ke ƙona ido.

Ɗakin aiki da gwaji

Zangon karatu yakan kai mako 16, kuma lokacin da ake yi a ɗakin aiki ya fi na aji nesa ba kusa ba. Ɗalibi na shiga ɗan ɗakinsa ya ja labule, malami na zagayawa, ya sauke gilashin hularsa ya leƙa ta bayan kafaɗar ɗalibin, wani lokaci ya kama hannunsa ya gyara masa karkatar bindiga ana cikin aiki. Wasu kwalejoji na fara sabbin ɗalibai da na'urar kwaikwayo irin VRTEX ta Lincoln Electric don rage asarar ƙarfe da gas, amma na'urar ba ta da zafi, ba ta kuma jefa tartsatsi cikin hannun riga.

Ana kiran matsayin aiki da lambobi: 1G kwance, 2G a gicciye, 3G a tsaye, 4G saman kai, ga bututu kuma 5G, inda ake kafe shi a kwance, da 6G, inda ake kafe shi a karkace digiri 45, kuma a duka biyun ba a juya shi. Gwajin da aka fi yi shi ne na littafin ƙa'idar AWS mai lamba D1.1, na ƙarfen gine-gine. Ɗalibi zai haɗa faranti biyu masu kaurin inci 3/8, ko inci ɗaya idan yana son shaidar da ba ta da iyakar kauri, yana bin rubutacciyar takardar da ta faɗi waya da gas da iyakar wuta. Mai dubawa zai fara duba da ido. Idan ya wuce, sai a yanko ƴan sili daga farantin, a gurje su, a sa a injin matsi a lanƙwasa su har su yi kamar kofaton doki. Tsagar da ta wuce inci 1/8 a bayan lanƙwasar ta kayar da mutum. Ga waldar da aka yi da hanya ta farko, ta taɓawa da ɗaukewa, ƙa'idar ba ta yarda a maye gurbin lanƙwasa da hoton X-ray ba, domin hoton kan kasa nuna wurin da ƙarfe bai narke ya haɗu ba.

Malamai da shaidar kammalawa

Yawancin malaman tsofaffin ma'aikatan masana'antu ne, da dama kuma na koyarwa da yamma bayan sun tashi daga aikinsu na rana. Wasu na riƙe da shaidar AWS ta mai duba walda, CWI, wadda ke ba su damar tantance faranti. Kwamitin masu kamfanonin yankin kan zauna da sashen ya faɗi abin da yake bukata, shi ya sa kwalejin da ke kusa da tashar ƙera jiragen ruwa da wadda ke yankin masana'antar tirela ba sa ba abu ɗaya muhimmanci.

Ɗalibi na iya fita da takardar shaida ta ƴan watanni, ko ya haɗa da lissafi da karatun zanen aiki ya kammala digirin shekara biyu. Takardar kwaleji dabam take da shaidar gwaji. Ita shaidar gwajin ta tsaya ne ga irin waldar da matsayin da aka gwada mutum a kai, kuma a ƙa'idar D1.1 tana faɗuwa idan ya yi fiye da wata shida bai yi aiki da wannan hanyar ba. Kamfanoni da yawa ma ba sa tsayawa a kanta: ranar ganawa sai su miƙa wa mai neman aiki faranti biyu da bindiga.