Kakar gidajen wasan kwaikwayo da mawaƙan Americana masu zagaye

A ƙanana da matsakaitan garuruwan Amurka, gidan wasan kwaikwayo yana tafiya ne bisa jadawalin shekara da ake tsarawa tun watanni kafin lokaci, wanda ake kira kaka, kamar yadda ake cewa kakar wasannin ƙwallon ƙafa. Galibi kakar tana farawa a watan Satumba ko Oktoba ta ƙare a Mayu ko Yuni, ko da yake gidajen da ke wuraren shaƙatawa sun fi yin tasu a lokacin zafi. A cikin wannan jadawali, a dararen da dandamali yake zaune babu wasa, ake saka mawaƙa masu rubuta waƙoƙinsu da kansu, waɗanda suke bin gari gari da jita da ƴan kayan sayarwa a bayan mota. Mafi yawansu ana lasafta su ne a cikin salon kiɗan da ake kira Americana. Dangantakar ɓangarorin biyu ta buƙata ce kafin ta zama ta sha'awa: gidan wasa yana da kujeru da kuɗin wuta da albashin ma'aikata ko an yi wasa ko ba a yi ba, shi kuma mawaƙi yana neman ɗakin da mutane za su zauna su yi shiru su ji kalmominsa.

Asalin tsarin kaka

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kusan kowane gari mai ɗan arziki a Amurka ya gina babban zauren nishaɗi, kuma kamfanoni irin su Orpheum da Keith-Albee suna aika ayarin masu barkwanci da mawaƙa da ƴan rawa ta jirgin ƙasa daga wannan zaure zuwa wancan. Da silima ta zo sai aka mayar da yawancin zaurukan gidajen kallon fim, aka kuma gina sababbi masu ado na kece raini. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu talabijin ta shiga gidaje, jama'a suka ƙaura daga tsakiyar birane zuwa unguwannin bayan gari, da yawa daga waɗannan gine-gine aka rufe su ko aka rushe. Waɗanda suka tsira, mutanen gari ne suka haɗa kuɗi suka gyara su daga shekarun 1970 zuwa gaba, suka danƙa su ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba.

Bayan yaƙin kuma wani yunƙuri ya taso na raba wasan kwaikwayo na ƙwararru da birnin New York. Margo Jones ta buɗe gidanta a Dallas a 1947, a wannan shekarar Nina Vance ta kafa Alley Theatre a Houston, Arena Stage ya biyo baya a Washington a 1950, sannan Guthrie Theater a Minneapolis a 1963. Gidauniyar Ford da hukumar tarayya mai tallafa wa fasaha, wadda aka kafa a 1965, sun zuba kuɗi a wannan harka. Amma abin da ya riƙe gidajen shi ne tikitin kaka gaba ɗaya, wato mutum ya biya kuɗin wasanni biyar ko shida tun kafin a fara, a ba shi rangwame da kujera ɗaya da zai riƙa zama a kanta duk shekara. Danny Newman, jami'in talla na gidan opera na Chicago, shi ne ya fi kowa yaɗa wannan dabara, har ya rubuta littafi a kanta a 1977. Amfaninta a fili yake: kuɗi suna shigowa kafin a kashe su, kuma wasan da ba zai ja jama'a shi kaɗai ba yana raɓuwa da wanda zai cika ɗaki. A gidaje da dama, wasan Kirsimeti da aka ɗauko daga labarin Charles Dickens shi ne yake ɗaukar nauyin wani kaso na sauran kakar.

Akwai bambanci tsakanin gidan da yake shirya wasanninsa da kansa da gidan da aikinsa karɓar baƙin masu wasa. Na biyun ne suka fi dogara ga mawaƙa masu zagaye, sai dai na farkon ma suna da dararen da babu komai, musamman Litinin, wadda bisa al'ada ranar hutun ƴan wasa ce, da kuma ratar da ke tsakanin rufe wani wasa da buɗe na gaba.

Abin da ake nufi da Americana

Kalmar ta daɗe tana nufin tsofaffin kayan tarihi da al'adun Amurka, amma a matsayin sunan salon kiɗa ta kafu ne a 1995, lokacin da mujallar harkokin rediyo ta Gavin Report ta buɗe jadawalin waƙoƙi da wannan suna a ƙarƙashin Rob Bleetstein. Manufar ita ce a samar da mazauni ga mawaƙan da gidajen rediyon kasuwa na kiɗan kantiri, wato kiɗan da ya samo asali daga karkarar kudancin Amurka, suka daina sakawa, kuma na kiɗan rok ba su karɓe su ba. A shekarar ce kuma aka fara buga mujallar No Depression, wadda ta zama muryar masu wannan ra'ayi. An kafa ƙungiyar kiɗan Americana a Nashville a 1999, ta fara ba da lambobin yabo a 2002, a 2010 kuma aka ba da kyautar Grammy ta farko ta kundin Americana, wadda Levon Helm ya lashe.

Salon gauraye ne na kantiri da bulus (kiɗan baƙaƙen fata na kudancin Amurka) da waƙoƙin gargajiya da na coci da kiɗan mutanen tsaunukan Appalachia, shi ya sa har yau ake jayayya a kan iyakarsa. Abin da ya fi haɗa masu yin sa shi ne fifita kalma a kan amo. Waƙar tana ba da labari ne, na ma'aikacin da aka rufe masana'antarsu, ko tsohon soja, ko auren da ya mutu, ko garin da matasa suka watse suka bari. Kayan kiɗan ba su da yawa: jita, da goge irin na Turawa, da mandolin, da banjo. Shi banjo bayi ƴan asalin Afirka ne suka ƙirƙiro shi a yankin Karibiyan da Amurka, kuma masana suna danganta shi da kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma irin su akonting na Jolawa. Wanda ya san gurmi, da ƙwaryarsa da fatar da aka ɗaure a kai da sandar da ta ratsa, zai gane sifar banjon farko da kallo ɗaya. Rhiannon Giddens tana cikin waɗanda suka fi ƙoƙarin tunatar da Amurkawa wannan asali, domin an daɗe ana ɗaukar kayan a matsayin na fararen ƙauye zalla.

Waɗanda ake ɗauka iyayen wannan tafarki sun haɗa da Townes Van Zandt da Guy Clark, dukansu ƴan Texas, da John Prine, wanda ya fara rubuta waƙa yana aikin raba wasiƙu a yankin Chicago, ya kuma kafa kamfaninsa na faifai, Oh Boy Records, a farkon shekarun 1980 don ya daina dogara da manyan kamfanoni. Emmylou Harris da Lucinda Williams da Steve Earle da Gillian Welch sun biyo sahu, sannan Jason Isbell da Brandi Carlile, waɗanda suka fi ƙarfin ƙananan zauruka. Amma ɗaruruwan da ba a san sunansu a wajen da'irarsu ba su ne ainihin masu cika jadawalin gidajen wasa na garuruwa.

Yadda ake ƙulla ciniki

Mawaƙin da ya ɗan yi suna yana da dillali mai nema masa wuraren wasa a kan wani kaso na abin da aka biya. Masu tsara kaka suna haɗuwa da dillalai a taruka, mafi girmansu wanda ake yi a New York kowane Janairu, inda ake gwada mawaƙa na ƴan mintoci kafin a yanke shawara. Biyan kuɗi iri uku ne aka fi sani. Ko dai a yanke wa mawaƙi ƙayyadadden kuɗi, ɗaki ya cika ko bai cika ba; ko a raba abin da aka samu a ƙofa; ko kuma a haɗa biyun, ya ɗauki wanda ya fi tsoka. A na farko gidan wasa ne yake ɗaukar kasada, a na biyu mawaƙi. Yarjejeniya takan ƙunshi sharaɗin cewa ba zai yi wani wasa a kusa da garin ba na wasu makonni kafin ranar da bayanta, don kada ya raba kan masu sayen tikiti, kuma gidan ne yake biyan lasisin haƙƙin mallaka ga ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI.

Hanya ita ce rabin lissafin. Ana jera ranaku ta yadda tafiyar kowace rana ba za ta wuce ƴan sa'o'i ba, ana sa manyan wasanni a Juma'a da Asabar, sauran ranakun a cike su da ƙananan wurare, har da falon gidan wani mai sha'awa da ya tara maƙwabta. Ranar da babu wasa asara ce, tunda kuɗin mai da na masauki ba sa hutu. Wannan ne ya sa da yawa suke tafiya su kaɗai ko su biyu, saboda kowane makaɗi da aka ƙara baki ne da za a ciyar. Tun da sauraron waƙa ta intanet ya karya kasuwar faifai, inda abin da ake biya a kan sauraro ɗaya bai kai santi guda ba, sai teburin da ake kafawa a bakin zaure ya zama muhimmi: riguna, da fastoci, da baƙin faifai na da wanda ya dawo yayi. Bayan an tashi, mawaƙin yakan tsaya a wurin yana sa hannu yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci cinikin teburin ne yake raba dare mai riba da marar riba. Wasu gidajen suna yankar kaso daga wannan ciniki, abin da mawaƙa suka daɗe suna ƙorafi a kai.

Abin da gidan wasa yake bayarwa wanda mashaya ba ta da shi shi ne shiru. Ana farawa da wuri, da misalin bakwai da rabi ko takwas, ƴan sa-kai, waɗanda yawanci dattawan gari ne, suna nuna wa mutane kujerunsu, kuma wani lokaci mawaƙi yana zaune ne a gaban kayan adon wasan da ake ciki a makon, da kujerar falo ko ƙofar katako a bayansa. Labarin da yake bayarwa tsakanin waƙa da waƙa yakan kai tsawon waƙar kanta. Wannan al'ada ta sauraro tana da cibiyoyinta, kamar Bluebird Cafe na Nashville, mai kujeru kusan 90, da aka buɗe a 1982, inda marubuta waƙa suke zama a tsakiyar ɗaki suna karɓa-karɓa, da Ryman Auditorium, wanda aka gina a 1892 a matsayin zauren wa'azi, ya zama gidan shirin rediyo na kiɗan kantiri mai suna Grand Ole Opry daga 1943 zuwa 1974, kuma har yanzu a kan bencinan coci ake zama a cikinsa.

Bristol da Abingdon

Yankin iyakar Virginia da Tennessee ya tara duk sassan wannan labari a tazarar da ba ta kai tafiyar awa guda ba. A Bristol, garin da iyakar jihohin biyu ta ratsa tsakiyar babban titinsa, Ralph Peer, mai shirya faifai, ya ɗauki muryoyin Jimmie Rodgers da iyalan Carter, waɗanda suke cikin mawaƙan kantiri na farko da suka shahara, a 1927, kuma a kan wannan titi ne gidan Paramount yake, wanda aka gina a 1931 aka sake buɗe shi bayan gyara a 1991. A Abingdon kuwa akwai Barter Theatre, wanda Robert Porterfield ya buɗe a 1933, a tsakiyar karayar tattalin arziki, da ƴan wasan da yunwa ta koro daga New York. Manoman yankin ba su da kuɗi amma suna da amfanin gona da ya rasa mai saye, sai aka yarda su biya kuɗin shiga da ƙwai da madara da kayan lambu da kaji, daga nan ne sunan gidan ya samo asali, domin ma'anarsa musaya. A 1946 aka ayyana shi gidan wasan jihar Virginia, kuma Gregory Peck yana cikin waɗanda suka yi aiki a can kafin su shahara. A ƙauyen Hiltons, Janette Carter, ɗiya daga waɗannan iyalan Carter, ta fara shirya kiɗan daren Asabar a 1974, kuma a wurin ne Johnny Cash ya yi wasansa na ƙarshe a bainar jama'a a Yulin 2003.

Annobar korona da bayanta

A watan Maris na 2020 aka rufe zauruka a duk faɗin ƙasar, kakar da aka riga aka sayar da tikitinta ta tsaya a tsakiya, mawaƙa suka koma yin wasa ta intanet daga ɗakunansu. John Prine ya rasu sakamakon cutar ranar 7 ga Afrilu. A watan ne masu wuraren wasa masu zaman kansu suka kafa ƙungiyar NIVA, wadda fafutukarta ta sa majalisar dokoki ta amince da tallafin dala biliyan 15 a watan Disamba, aka ƙara wani abu a kai daga baya. Tallafin ya hana gidaje da yawa mutuwa, amma bai dawo da tsohuwar ɗabi'ar sayen tikitin shekara ba, wadda dama ta fara ja da baya tun kafin annobar. Mutane sun koma sayen tikiti ɗaya ɗaya, kuma a kurarren lokaci, ga tsadar kaya da ta sufuri. A 2023 gidaje da dama suka rage yawan wasanninsu, har Mark Taper Forum na Los Angeles ya dakatar da kakarsa. Wasan kwaikwayo yana cin makonni na atisaye da ɗinkin tufafi da aikin kafinta kafin a sayar da kujera ko ɗaya, alhali mawaƙi mai jita yana isowa da la'asar, ya gwada lasifika na rabin awa, kafin tsakar dare ya kwashe kayansa ya kama hanyar gari na gaba.