Rumfa Daban, Garkuwa Daban: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sanya wa Tsohuwar Tarakta Ƙarfen Kariya

Duk wanda ya taɓa leƙa garejin taraktoci a goshin damina ya san motocin da ke mana noma. Ga Massey Ferguson da jan fentinta ya koɗe, ga Fiat irin waɗanda aka harhaɗa a Kano, ga Steyr ta Bauci, wasunsu ma sun girmi direbobin da ke hawansu. Injinansu na nan da rai, kanikawanmu sun san su ciki da bai. Abin da galibinsu ba su da shi shi ne ƙarfen da zai hana su danne direba ranar da suka kife. Ga tambayoyin da masu tarakta da direbobi suka fi yi idan aka ɗauko zancen.

Wane irin ƙarfe ne wannan?

Turawa na kiransa ROPS a taƙaice, mu kuma mu ce masa ƙarfen kariya. Mafi sauƙinsa turaku biyu ne masu kauri da ke tashi daga bayan kujera, a haɗe su da wani ƙarfen a sama, kamar firam ɗin ƙofa. Akwai mai turaku huɗu, akwai kuma wanda aka gina a cikin ɗakin direba na manyan taraktoci. Ba ya hana tarakta faɗuwa. Aikinsa shi ne idan ta faɗi ya tokare ƙasa, ya bar wa direba ɗan sarari tsakanin ƙasa da nauyin tan biyu zuwa uku. Sau da yawa ma shi ke tsayar da ita a kwance kan gefenta, ya hana ta ci gaba da mirgina.

Gonakinmu shimfiɗaɗɗu ne, ba tuddai ba gangare. Me zai kifar da tarakta?

Wannan tunanin ne ya sa muka saki jiki. Tarakta doguwa ce a tsaye, nauyinta yana sama, don haka ba sai an hau dutse ba. Bakin kanal a Kadawa ko Bakalori ya isa. Taya ɗaya ta baya ta taka gefen da ruwa ya zaizaye ta ƙarƙashi, ƙasar ta rufta, shi ke nan ta kwanta. Haka gefen kwalta mai rami idan direba ya kauce wa babbar mota, haka shan kwana da gudu da tirela cike da buhuna tana tura shi ta baya. Akwai kuma birki: tarakta tana da fedar birki biyu, na hagu da na dama, kuma idan aka hau titi ba a ƙulle su wuri ɗaya ba, taka ɗaya kaɗai na iya wurgar da ita gefe. Yawancin kifewa irin wannan ce, ta gefe.

Amma wadda ta fi kisa ita ce ta baya, kuma ita ce mutane ba su fahimta ba. Injin tarakta yana juya tayoyin baya ne da ƙarfin gaske. Idan tayoyin suka kafe a taɓo ko abin da ake ja ya ƙi motsi, ƙarfin nan dole ya sami inda zai je, sai ya ɗaga gaban motar sama, ta juya a kan tayoyinta na baya, ta faɗo da ka a kan direba.

Na taɓa ganin farkon wannan da idona a wata fadama lokacin girbin shinkafa. Tirela ce ta maƙale da buhuna, aka kira wata tarakta ta janyo ta. Maimakon a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa, sai aka ɗaura ta a fil ɗin sama, wanda ke dab da bayan kujera, wai don kada sarƙar ta shiga laka. Direba ya ba ta wuta ya saki kuloci. Tayoyin gaba suka bar ƙasa har suka kai ƙirjin mutum a tsaye. Allah ya sa ƙafarsa ba ta yi nisa da kulocin ba, ya danna, gaban ya dawo ƙasa da ƙara kamar an yar da ganga. Ya sauko yana ta goge tafin hannunsa a wando, bai ce da kowa komai ba. Har yau idan na ga sarƙa a fil ɗin sama sai gabana ya faɗi.

Direba mai hankali ai zai dira kafin ta kai ƙasa.

Da wane lokacin? Waɗanda suka auna abin sun nuna cewa tarakta mai juyewa ta baya takan kai inda ba ta dawowa cikin kashi uku bisa huɗu na sakan ɗaya, ta kuma gama kifewa cikin sakan ɗaya da rabi. Kafin kwanya ta gane abin da ke faruwa ta aika wa ƙafa saƙo, rabin lokacin ya tafi. Ga sitiyari a gabansa, ga sandar giya tsakanin ƙafafunsa, ga tayoyi hagu da dama. Wanda ya samu ya yi tsalle ma, yawanci ɓangaren da motar ke faɗuwa yake nufa. Ƙwarewa ba ta maganin wannan. Tsofaffin direbobi da suka shekara ashirin a kan kujera suna cikin waɗanda abin ke ritsawa da su.

To ai tawa tana da rumfa mai ƙafa huɗu. Ba shi ke nan ba?

A'a, kuma nan ne na fi so a tsaya a duba da kyau. Je ka kama ƙafar rumfar nan ka girgiza. Idan siririn bututu ne irin na gadon ƙarfe, aka ɗaure shi da ƙananan noti a kan marfin tayar baya, da kwano ko tamfol a sama, to maganin rana da yayyafi kawai ka mallaka. Ranar da motar ta kwanta, rumfar nan za ta lanƙwashe kamar karan dawa, ta kuma zama kejin da zai hana direba fita, ko bututun ya karye ya soke shi. Ƙarfen kariya na gaske ana gane shi da abu biyu: gindinsa yana zaune ne a kan gidan aksil na baya, wato ƙaton ƙarfen da tayoyin baya ke fitowa daga cikinsa, sannan akwai ɗan farantin shaida a jikinsa mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi, da irin taraktar da aka yi shi dominta, da lambar gwajin da ya ci. Ana iya ɗora rumfa a kan ƙarfen kariya idan kamfanin ya tanadi wurin ɗaura ta, a sami inuwa da tsaro tare.

Akwai shaidar cewa yana ceton rai?

Akwai, kuma ta daɗe. Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, daga baya dokar ta haɗa har da tsofaffi. Cikin kimanin shekara talatin, mace-macen kifewa a can sun sauko daga 17 a kowace tarakta 100,000 a shekara zuwa ƙasa da ɗaya. Birtaniya ta bi sahu a 1970. A Amurka, kamfanin John Deere ya fito da nasa mai suna Roll-Gard a 1966, ya kuma bar wa sauran kamfanoni fasahar su yi amfani da ita. Dokar da ta wajabta shi a kan taraktocin da ma'aikata ke tuƙawa ta zo a 1976, sannan daga 1985 kamfanoni suka amince kowace sabuwar tarakta ta fito da shi. Hukumar NIOSH da ke binciken lafiyar ma'aikata a can ta ce ƙarfen kariya haɗe da bel ɗin kujera na hana mutuwa ko mummunan rauni da kashi 99 cikin 100 idan tarakta ta kife.

Duk da haka Amurkar ba ta rabu da matsalar ba, saboda tarakta ba ta mutuwa da wuri. Waɗanda aka ƙera kafin 1985 suna nan suna aiki a ƙananan gonaki, kuma su ne ke ci gaba da kashe manoma. Halin da muke ciki ke nan, sai dai namu ya fi yawa.

Muna da masu walda da suka iya aiki. Me zai hana a ba su ƙarfe mai kauri su haɗa?

Ba raina musu sana'a ba ne. Mutanen da ke ƙera injin casar shinkafa da bodin tirela ba ƙarfe biyu ne za su gagare su ba. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna abin da ake buƙata. A wurin gwaji, bisa ƙa'idojin OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki, waɗanda ƙasashe da dama ke bi, ana ɗaura ƙarfen a jikin irin taraktar da aka yi shi dominta, a tura shi ta baya, a tura shi ta gefe, sannan a danne shi daga sama da ƙarfin da ya kai kusan ninki biyu na nauyin motar. Duk cikin wannan, ba a yarda ya shiga sararin da aka ware wa jikin direba ba.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne ana so ya ɗan lanƙwasa. Lanƙwasar nan ce ke shanye bugun. Idan mai walda ya ce bari ya ƙara kauri don a kwantar da hankali, ƙarfen zai ƙi ba da kai, bugun ya sauka gaba ɗaya a kan gidan aksil, wanda zubi ne, ba ya lanƙwasa sai dai ya tsage. Idan ya tsage, ƙarfe da kujera da direba duk sun tafi tare. Idan kuma ya rage kaurin, an koma maganar rumfa. Tsakanin biyun nan siririyar hanya ce, kuma gwaji ne kaɗai ke nuna ta.

Inda masu waldarmu za su shigo shi ne idan an ba su zanen da aka riga aka gwada. NIOSH ta yi irin wannan: ta fitar da zane mai sauƙin kuɗi na Ford 8N, Ford 3000, Ford 4000 da Massey Ferguson 135, wanda ake haɗawa da noti, da bayanin irin ƙarfen da kaurinsa. Muna da cibiyar NCAM a Ilori da aka kafa don harkar injinan noma, muna da sassan injiniyan noma a jami'o'in Zariya, Kano da Maiduguri. A ganina babu aikin da ya fi cancanta su ɗauka kamar su gwada zane guda na Massey Ferguson 375, su miƙa wa ƙwararrun maƙera, tunda ita ce ta cika gonakinmu.

Idan an samo na gaske, yaya ake ɗaura shi?

A fara da duba motar kanta. A wanke gidan aksil da kananzir, a duba ko akwai tsaga ko tsohuwar walda. Idan akwai, sai an canza shi tukuna. Ƙarfen ya zama na ainihin samfurin taraktar, don wanda aka yi wa 135 ba zai ɗauki nauyin 375 ba ko da ramukan sun yi daidai. A yi amfani da notin da ya zo da su, masu lambar ƙarfi a kansu, a ɗaure su da sifanar awo gwargwadon yadda takardar ta ce. Idan ɗaya ya ɓata, kada a je tebur a ɗauko kowane iri don tsawonsa ya yi. Bayan 'yan kwanaki ana aiki a sake bin su, saboda girgiza na sassauta su.

Daga nan kuma a ƙyale shi yadda yake. Ba a huda shi don maƙala fitila, ba a yi masa walda don rataye jarka, ba a ɗaura masa sarƙa a ja kaya. Idan motar ta taɓa kifewa da shi, ya gama aikinsa, sai sabo, ko da ido bai ga lanƙwasa ba. Miƙar da shi da wuta ɓata shi ne.

Bel ɗin fa, dole ne?

Dole ne, matuƙar akwai ƙarfen. Ƙarfen ya tanadi sarari, bel ne ke riƙe mutum a cikinsa. In babu shi, direba na iya wuntsilowa ƙarfen da kansa ya danne shi. Kujerar ma a duba ta, don bel a kan kujerar da tsatsa ta cinye gindinta ba shi da amfani. Amma tarakta marar ƙarfen kariya ba a ɗaura mata bel, saboda an ɗaure mutum ke nan a inda nauyin zai sauka.

A gonar mangwaro ko gareji mai gajeriyar ƙofa zai riƙa karo.

Akwai mai naɗewa, wanda ake zare fil biyu a kwantar da rabinsa na sama. Sharaɗin kawai a tayar da shi a mayar da fil da zarar an fito fili. A kwance, daidai yake da babu.

Yaran mota da 'yan ƙwadago da ke zama a kan marfin taya, zai kare su?

Ba zai kare su ba. Sararin mutum ɗaya ne, mai kujera. Wanda ke kan marfin taya yana zaune ne daidai inda turken zai bugi ƙasa, kuma ko ba kifewa, rami ɗaya ya isa ya jefa shi gaban tayar baya. Na san hanyar gona da nisa, na san kunyar hana ɗan'uwa hawa tana da nauyi, amma wannan wurin zaman ba shi da gyara.

Wa zai biya, kuma daga ina za a fara?

Direban da ke kan kujera yawanci ba shi ne mai motar ba. Yaron Alhaji ne, ko ma'aikacin ƙungiyar manoma, ko na sashen hayar taraktoci, kuma ba shi da bakin cewa a kashe kuɗi a kansa. Saboda haka nauyin yana kan mai ita. A jihar New York ta Amurka an gane cewa kuɗi da wahalar nema ne ke hana manoma, sai a 2006 aka buɗe shirin da ke mayar wa manomi kashi 70 cikin 100 na abin da ya kashe, tare da layin waya da ke nemo masa ƙarfen da ya dace da motarsa; a 2017 shirin ya zama na ƙasa baki ɗaya. Gwamnatocin jihohinmu da ke sayo taraktoci da yawa lokaci guda suna iya farawa da abin da bai fi layi ɗaya a takardar kwangila ba: kada a karɓi tarakta sai da ƙarfen kariya mai shaida da bel.

Shi kuwa mai tarakta guda, ya kwafi sunan samfurin da lambar da ke jikin farantin motar, ya kai wa dilan da ke shigo da irinta. Samfuran Massey Ferguson irin su 240, 375 da 385 har yanzu ana ƙera su a Pakistan, don haka neman kayansu bai kai na Steyr ko tsohuwar Fiat wuya ba. Idan dila ya kawo, kafin a yi ciniki a nemi farantin shaidar a jikin ƙarfen, a karanta sunan samfurin da ke kai, a tabbatar shi ne na motar da ke gida.