BBC da Shirin Doctor Who: Tarihin Talabijin na Al'umma a Birtaniya

Doctor Who wasan kwaikwayo ne na talabijin, irin na ƙagaggen labarin kimiyya, wanda hukumar yaɗa labarai ta Birtaniya, wato BBC, ta fara haskawa ranar 23 ga Nuwamba 1963. Labarin wani matafiyi ne da ba ɗan wannan duniya ba, wanda ke zirga-zirga tsakanin zamanai da duniyoyi. Ba a taɓa faɗin sunansa na yanka ba, Dakta kawai ake ce masa, shi ya sa sunan shirin kansa ya zama tambaya, kamar a ce "Dakta wa?" Kundin bajinta na Guinness ya sanya shi a matsayin wasan kimiyya na talabijin da ya fi kowanne daɗewa. Ba a fahimtar yadda ya yi wannan tsawon rai sai an san gidan da ya haife shi, domin tsarin BBC ne ya ba shi kamanninsa, kuma a hannun BBC ɗin ne wani babban kaso nasa ya salwanta.

Asalin BBC da kuɗin lasisi

A ranar 18 ga Oktoba 1922 kamfanonin da ke ƙera akwatunan rediyo a Birtaniya suka haɗu suka kafa kamfanin yaɗa shirye-shirye, don jama'a su sami abin saurare su sayi hajarsu. An fara watsa shiri daga Landan ranar 14 ga Nuwamba na wannan shekara. Wani injiniya ɗan Sikotland, John Reith, shi aka ba ragamar gidan, kuma shi ya dage cewa aikin kafar yaɗa labarai uku ne: sanarwa, ilmantarwa da nishaɗantarwa. Ranar 1 ga Janairu 1927 kamfanin ya rikiɗe ya zama hukumar al'umma a ƙarƙashin takardar izinin masarauta.

Abin da ya bambanta wannan hukuma da sauran shi ne hanyar samun kuɗinta. Ba ta sa talla a tashoshinta na cikin gida, kuma ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Kowane gida mai akwati ne ke biyan kuɗin lasisi duk shekara. A zamanin rediyo sule 10 ne. Da aka fito da lasisin talabijin a 1946 ya kama fam 2. A 2024 ya kai fam 169.50. Hikimar ita ce, tunda kowa ne ya biya, kowa yana da haƙƙi a kan gidan: yaro da babba, mai son wasanni da mai son tarihi. Masu sauraren Hausa sun san wannan gida ta wata ƙofar, wato Sashen Hausa na BBC da ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957.

Zuwan talabijin

John Logie Baird ya nuna wa masana na'urarsa ta talabijin a Landan a watan Janairun 1926, amma sai ranar 2 ga Nuwamba 1936 BBC ta buɗe tasha mai shirye-shirye na yau da kullum daga Alexandra Palace, wani katafaren gini a kan tudu a arewacin Landan. Da farko ana karɓa-karɓa ne tsakanin tsarin Baird mai layi 240 da na kamfanin Marconi-EMI mai layi 405, kafin a ajiye na Baird a farkon 1937. Tun a waɗannan shekaru aka soma gwada labarin kimiyya: a watan Fabrairun 1938 tashar ta nuna wasan R.U.R. na Karel Čapek, wanda daga cikinsa kalmar "robot" ta samo asali.

Ranar 1 ga Satumba 1939 aka rufe tashar ba zato, saboda fargabar jiragen yaƙin Jamus za su bi siginarta su gano Landan. Abu na ƙarshe da aka nuna shi ne wani katun na Mickey Mouse, kuma da aka sake buɗewa ranar 7 ga Yuni 1946, an maimaita wannan katun ɗin a ranar farko. Naɗin sarautar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953 shi ya shigar da talabijin cikin gidajen talakawa, inda kimanin mutum miliyan 20 suka kalla, da yawa a cunkushe a ɗakin maƙwabta.

Sai kishiya ta zo. Ranar 22 ga Satumba 1955 tashar ITV mai cin gashin kanta ta hanyar talla ta fara aiki, kuma cikin shekara biyu ta janye mafi yawan masu kallo. Hukumar da ke karɓar kuɗi daga kowane gida ba za ta zauna ba masu kallo ba, don haka dole BBC ta sake lale.

Haihuwar shirin

Cikin waɗanda aka ɗauko don wannan gyara akwai Sydney Newman, ɗan Kanada, wanda ya baro ɓangaren ITV ya zama shugaban sashen wasan kwaikwayo. An nuna masa wani gurbi a yammacin Asabar, tsakanin shirin wasanni da shirin waƙoƙin matasa, inda iyalai ke tashi daga gaban akwati. Shi da Donald Wilson da C. E. Webber suka tsara shiri mai minti 25 da zai riƙe yara da iyayensu tare. Aƙidar Reith tana nan a cikin tsarin: abokan tafiyar Dakta na farko jikarsa Susan ce da malamanta biyu, Ian mai koyar da kimiyya da Barbara mai koyar da tarihi. Idan aka je zamanin da ya wuce, yara su koyi tarihi. Idan aka je gaba, su tsinci kimiyya.

Waɗanda aka danƙa wa aikin ba irin mutanen da aka saba gani a manyan kujerun BBC ba ne. Furodusar, Verity Lambert, shekarunta 27, kuma ita kaɗai ce mace mai wannan muƙami a sashen. Daraktan labarin farko, Waris Hussein, haifaffen Lucknow ne ta Indiya, shi ma matashi. An ba su wani tsohon ɗakin ɗaukar shiri a Lime Grove, matsattse mai zafi, da kuɗi kaɗan. William Hartnell ne ya fito a matsayin Dakta, tsoho mai furfura da saurin fushi. Kashi na farko ya fita kwana ɗaya bayan kisan Shugaba Kennedy na Amurka, hankalin jama'a na wani wuri, har sai da aka maimaita shi a mako na gaba.

Ƙarancin kuɗi shi ya haifar da abubuwan da aka fi sanin shirin da su. Jirgin Dakta, TARDIS, a labari ya kamata ya riƙa sauya kama kamar hawainiya duk inda ya sauka. Gina sabon jirgi kowane mako ba zai yiwu ba, sai marubuta suka ce na'urar sauya kamar ta lalace, ya maƙale a siffar shuɗiyar rumfar wayar 'yan sanda, irin wadda ke bakin titunan Birtaniya a lokacin. Daga waje ɗan akurki ne, ciki kuwa fili ne mai faɗi. Ƙarar tashinsa Brian Hodgson ne ya samar da ita, ta hanyar goga makulli a kan tsarkiyar wani tsohon fiyano. Kiɗan taken shirin Ron Grainer ya rubuta, amma Delia Derbyshire ce ta gina shi a sashen gwajin sauti na BBC: ta naɗi sauti ɗaya-ɗaya a kan zaren kaset, ta yanka da reza, ta liƙa, ta ƙara gudu ko ta rage, har kiɗan ya tashi ba tare da makaɗi ko ɗaya ba. Shekaru da dama ba a rubuta sunanta a jerin masu aikin ba, kuma wannan rashin adalci ne da bai kamata tarihi ya tsallake ba.

Newman ya yi gargaɗin kada a kawo masa dodanni masu tulu-tulun idanu. Amma a labari na biyu, a Disambar 1963, Terry Nation ya ƙirƙiro Dalek, wasu halittu masu zama cikin sulken ƙarfe waɗanda ba su da buri sai hallaka duk wanda ba jinsinsu ba. Nation ya tashi a lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma 'yan Nazi ne a ransa. Raymond Cusick ya zana su ba ƙafa, ɗan wasa na zaune a ciki yana turawa a kan ƙananan tayoyi. Masu kallo suka haura miliyan 10, yara suna kwaikwayon muryarsu a filin makaranta, shirin ya tsaya da ƙafafunsa.

Sauya jiki, ɗaukaka da faɗuwa

A 1966 lafiyar Hartnell ta yi rauni. Maimakon a rufe shirin ko a nemo mai kama da shi, sai aka ce jinsin Dakta idan jiki ya gaji yana sabunta kansa, ya tashi da sabuwar fuska da sabon hali. A gaban masu kallo Hartnell ya faɗi, Patrick Troughton ya tashi. Wannan dabara ita ce sirrin daɗewar shirin, domin ba ya mutuwa da tafiyar jarumi. Jon Pertwee ya karɓa a 1970, lokacin da shirin ya koma mai kala. Tom Baker, mai dogon mayafin wuya, ya riƙe daga 1974 zuwa 1981, kuma a zamaninsa ne wani kashi na 1979 ya sami masu kallo miliyan 16, lokacin da ma'aikatan ITV ke yajin aiki. Peter Davison, Colin Baker da Sylvester McCoy suka biyo baya.

Shekarun 1980 ba su yi wa shirin daɗi ba. Finafinan Amurka masu manyan kuɗi sun sa kayan adonsa sun zama kamar na wasan yara, kuma shugabannin tashar, musamman Michael Grade, ba sa ƙaunarsa. An dakatar da shi wata 18 a 1985, daga baya aka sa shi lokaci ɗaya da wasan ITV mafi farin jini. Kashi na ƙarshe ya fita ranar 6 ga Disamba 1989, bayan zango 26. Wani fim da aka yi da haɗin gwiwar kamfanonin Amurka a 1996, da Paul McGann, bai kai ga farfaɗo da shi ba.

Ranar 26 ga Maris 2005 shirin ya dawo daga reshen BBC na Wales a birnin Cardiff, a hannun marubuci Russell T Davies, da Christopher Eccleston a matsayin Dakta. David Tennant, Matt Smith da Peter Capaldi suka biyo. An haska shirin cikar shekara 50 a ƙasashe 94 a lokaci guda a 2013. Jodie Whittaker ta zama mace ta farko da ta jagoranci shirin, sannan a 2023 Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotland, ya karɓa. A wannan shekarar kuma Disney+, kafar nuna finafinai ta intanet ta Amurka, ta shigo da kuɗinta don nuna shirin a wajen Birtaniya, alamar cewa kuɗin lasisi kaɗai ya daina isa ga irin wannan aiki. Takardar izinin BBC ta yanzu za ta ƙare a ƙarshen 2027, kuma makomar kuɗin lasisin na cikin abubuwan da ake muhawara a kai.

Faifan da suka ɓata, da abin da aka tsinta a Jos

Babban abin takaici a tarihin shirin shi ne yadda BBC da kanta ta shafe shi. Daga 1967 zuwa 1978 faifan bidiyo na da tsada, don haka ana goge tsohon shiri a naɗi sabo a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaici, kuma da zuwan talabijin mai kala an ɗauka ba mai sake neman shiri mai fari da baƙi. Ba a fara adana shirye-shirye bisa tsari ba sai 1978, bayan ɓarna ta riga ta auku. Muryoyin duk kason da suka ɓata sun tsira ne saboda wasu masu kallo da suka riƙa ajiye rikoda kusa da akwatin talabijin a gidajensu suna naɗa.

Hotunan kuwa ta ƙasashen waje aka riƙa dawo da su. BBC takan kwafe shirin a kan zaren fim mai faɗin milimita 16 ta sayar, gwangwanayen su riƙa zagawa daga wannan tasha zuwa waccan, daga ƙasa zuwa ƙasa. Nijeriya, wadda ta buɗe gidan talabijin a Ibadan a 1959 da kuma Kaduna a 1962, tana cikin masu saye. Ƙa'ida ita ce tasha ta ƙarshe ta mayar da fim ɗin ko ta lalata shi, amma ba kullum ake yin haka ba.

A watan Oktoban 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani Bature mai bin sawun tsofaffin faifai, ya tarar da gwangwanaye a kan kanta a ma'ajiyar wani gidan talabijin a Jos, da sunan shirin rubuce a jikin ɗan salatif. A ciki akwai kashi 9 na zamanin Troughton da aka fidda rai da su: 5 daga The Enemy of the World, inda Troughton ya fito a matsayin Dakta da kuma mugun labarin, da 4 daga The Web of Fear, labarin dodanni a ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan. Fim ɗin bai lalace ba duk da shekarun da ya kwashe a ajiye. Wannan ya rage adadin ɓatattun daga 106 zuwa 97, cikin 253 na zanguna shida na farko. Kashi na 3 na The Web of Fear bai dawo tare da 'yan uwansa ba. A 2021 sai aka zana shi da katun, aka ɗora a kan muryoyin da masu kallo suka naɗa a 1968.