Ma'anar PTO da Lambar 540 Wajen Yankan Doguwar Ciyawa da Ƙaramar Tarakta

A bayan kusan kowace tarakta, tsakanin hannayen ƙarfe uku da ake ɗaura kayan aiki a kansu, akwai wata gajeriyar sandar ƙarfe mai tsagi a jikinta da ta leƙo daga akwatin giya. Ita ce ake kira PTO, kuma haruffan nan uku an tsamo su ne daga kalmomin Turanci da ke nufin wurin ɗiban ƙarfi. Aikinta shi ne ta karɓi juyin injin tarakta ta miƙa shi ga na'urar da ke maƙale a baya, wadda ba ta da injin kanta, ta hanyar wata doguwar sanda irin furofelar mota. Tarakta na jan garma da tayoyinta, amma na'urar yankan ciyawa da PTO take rayuwa, saboda haka wanda bai fahimci wannan sanda ba zai sha wahala a duk lokacin da ya shiga filin da ciyawa ta kai ƙugu ko ta wuce.

Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara fitar da tarakta mai PTO kasuwa a shekarar 1918. A 1927 ƙungiyar injiniyoyin aikin gona ta ƙasar ta tsayar da ma'auni guda, wato juyi 536 a minti ɗaya, daga baya aka mayar da shi 540. Har yau sandar da ke kan ƙananan taraktoci tana da tsagi shida da kaurin kimanin milimita 35, shi ya sa na'urar wani kamfani ke shiga taraktar wani kamfanin ba tare da gyara ba. Manyan taraktoci suna da wani ma'aunin na juyi 1,000, amma wannan bai shafi maganarmu ba.

Abu na farko da ya kamata mai tarakta ya sani shi ne, ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, iri biyu ake rubutawa a takardar tarakta, na inji da na PTO, kuma na biyun kullum ya fi ƙanƙanta, domin giya da famfon mai da sauran sassa sun riga sun ci rabonsu kafin ƙarfin ya iso baya. Taraktar da aka ce injinta na da ƙarfin doki 25 ba ta cika bai wa na'ura fiye da 18 zuwa 20 ba. Masu wannan sana'a suna da wani lissafi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa kowace ƙafa ɗaya ta faɗin na'urar yanka tana buƙatar ƙarfin doki biyar na PTO. Idan aka bi wannan, na'ura mai faɗin ƙafa huɗu ita ce daidai da irin wannan tarakta. Mai ƙafa biyar za ta yi aiki a ciyawa mai sauƙi, amma a cunkusasshiyar ciyawa za ta gwada wa mai ita iyakar taraktarsa tun kafin ya kai ƙarshen layin farko. A ganina, wanda ke da fili mai kaurin ciyawa gara ya sayi na'urar da ta ɗan yi wa taraktarsa ƙanƙanta da ya sayi wadda ta fi ƙarfinta.

Na'urar da aka ƙera domin wannan aiki tana da wuƙaƙe biyu masu kauri da nauyi a ƙarƙashin faffadan murfin ƙarfe, kuma a Amurka mutane da yawa suna kiranta Bush Hog, da sunan wani kamfani da ya shahara wajen ƙera ta. Wuƙaƙen ba su da kaifi sosai, don ba da kaifi suke yanka ba, da gudu da nauyi suke sara. Kowace wuƙa tana lilo a kan ƙusa guda, kuma gudun juyawa ne kaɗai ke miƙar da ita waje. Idan ta bugi dutse sai ta lanƙwashe baya ta wuce, sannan ta sake miƙewa. A nan ne lambar 540 take da muhimmanci, domin an tsara akwatin giyar na'urar ne a kan cewa sandar za ta riƙa kawo masa wannan adadi na juyi. Da zarar juyin ya ragu sosai, wuƙaƙen sukan daina tsayawa a miƙe, su koma kwantar da ciyawa da yayyaga ta maimakon datse ta, ciyawar kuma ta fara naɗewa a jikin sandar tsakiya.

Kuskuren da ya fi yawa wurin sababbin direbobi ya samo asali ne daga tausayin inji. Mutum ya ji ƙarar ta yi yawa sai ya rage totur, yana zaton yana sauƙaƙa wa taraktar, alhali ya rage mata ƙarfi ne a daidai lokacin da take buƙatarsa. A kan agogon da ke nuna juyin inji akwai wata alama da aka rubuta 540 ko PTO, kuma a ƙananan taraktoci tana kusa da ƙarshen totur, sau da yawa a wajen juyi 2,500 ko sama da haka. An ƙera injin ne ya yini a wannan matsayi. Abin da ke gajiyar da shi shi ne a bar shi yana nishi a ƙasa da alamar da kaya mai nauyi a kansa.

Idan kuwa ba za a taɓa juyin wuƙa ba, dole wani abu ya sassauta, kuma abubuwan da ke hannun direba su ne saurin tafiya, faɗin ciyawar da yake ɗauka da kuma tsayin yanka. Saurin tafiya shi ne na farko, domin kowane taku da tarakta ta yi gaba sabuwar ciyawa take turawa ƙarƙashin murfin. A sa ƙaramar giya, a tafi da saurin mai tafiya a ƙasa ko ƙasa da haka, ido na kan allurar agogo, kunne na kan inji. Da an shiga wurin da ciyawa ta yi duhu za a ji muryar injin ta yi ƙasa, allurar ta zame daga kan alamar, wani lokaci har baƙin hayaƙi ya fito daga salansa. A wannan lokaci sai a dakata wuri ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, a bar wuƙaƙen su watsar da abin da suka ƙunsa, har injin ya dawo da muryarsa, sannan a ci gaba. Masu taraktar da matsin man haidirolik ke juya tayoyinta, wadda ake taka feda ta yi gaba ko baya, su tuna cewa fedar nan ba totur ba ce. Ƙara taka ta tamkar ƙara giya ne, yana kwashe ƙarfi daga wuƙa ya kai ga tayoyi.

Idan rage gudu bai wadatar ba, sai a riƙa ɗaukar rabin faɗin na'urar kawai, ɗaya rabin yana bin inda aka riga aka yanka. Idan ciyawar ta kai tsayin mutum, a ɗaga na'urar a yi zagayen farko a sama, a bar abin da aka sare ya ɗan bushe, sannan a dawo a sauke ta, kuma ya fi kyau a biyo ta kishiyar hanyar farko, domin ciyawar da tayoyi suka kwantar ta fuskanci wuƙa. Akwai kuma wani ɗan saiti da ke ceton ƙarfi mai yawa, wato a bar gaban na'urar ya ɗan fi bayanta sauka, da kamar inci ɗaya. Da haka wuƙa ke saran ciyawa sau ɗaya a gaba ta fitar da ita ta baya, maimakon ta yi ta niƙa abin da ta riga ta yanka. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana da nauyi kuma tana dunƙulewa, don haka a jira raɓa ta bushe.

Doguwar ciyawa tana ɓoye kututture da duwatsu da waya da ramuka, kuma komai gajiyar da ke ciki, zagaya filin da ƙafa kafin a fara aiki ya fi sauƙi a kan gyaran akwatin giya. Saboda irin wannan karo ne aka sa kariya tsakanin PTO da na'urar. A wasu na'urorin wata ƙusa ce mai laushi da aka yi ta domin ta karye idan bugun ya yi tsanani, kuma wanda ya gaji da sauya ta ya sa ƙusa mai tauri a madadinta ya mayar da karyewar ne zuwa cikin tarakta, inda gyara ya fi tsada nesa ba kusa ba. A wasu kuma kuloci ne mai zamewa, wanda tsatsa kan liƙe shi idan na'urar ta daɗe a ajiye, saboda haka ake sassauta shi a tabbatar yana zamewa kafin a fara aikin shekara. Haka nan ana kunna PTO ne da totur a ƙasa, sai wuƙaƙen sun fara juyi a ɗaga shi a hankali zuwa kan alamar. Ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa kuma suna toshe ragar gaban lagireto cikin ɗan lokaci, don haka a riƙa duba allurar zafi ana tsayawa ana kakkaɓe ragar, a kuma kawar da busasshiyar ciyawar da ta taru kusa da salansa don gudun gobara.

Juyi 540 a minti yana nufin juyi tara a kowace daƙiƙa, kuma sandar da ke wannan gudu tana iya naɗe fiye da mita ɗaya na tufa kafin mutum ya ankara cewa an kama shi. Wannan ne dalilin robar da ke lulluɓe da sandar, wadda ke tsayawa cik yayin da ƙarfen cikinta ke juyi, kuma bai kamata a yi aiki da sandar da robarta ta fashe ko aka cire ba. Ba a tsallake ta, ba a kuma barin kowa ya tsaya kusa, domin wuƙaƙen na iya harba dutse nesa. Idan ciyawa ta naɗe a ƙasa, a kashe PTO, a sauke na'urar, a kashe inji, a zare makulli, a jira wuƙaƙen su tsaya, don nauyinsu kan sa su ci gaba da juyi bayan an kashe komai. A tsofaffin taraktoci irin Ford 8N, inda PTO ke haɗe kai tsaye da giyar tafiya, wannan ragowar juyi na iya tura taraktar gaba ko da direba ya taka kuloci, shi ya sa ake ɗaura musu wani ƙaramin kuloci mai bin hanya ɗaya a kan sandar kafin a haɗa su da na'urar yanka.