Tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa, miji da mata: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Aikina shirya wa mutane takardun tafiya ne, kuma ni da maigidana mun hau irin wannan jirgi a tekun Bahar Rum. Tun da hotunan jiragen nan suka cika wayoyin mutane, da wuya mako ya wuce ban amsa tambaya ɗaya sau biyar ba. Ga su nan na haɗa wuri guda. Don Allah a karanta kafin a kira ni.

Daga Legas jirgin yake tashi?

A'a. Sai kun hau jirgin sama zuwa inda yake: Basalona a Sifaniya, Jenowa a Italiya, Dubai ko Jidda a lokacin sanyi, ko Durban a Afirka ta Kudu. Wanda aka fi tambayata shi ne na kwana 7 daga Basalona, mai yada zango a Faransa da Italiya, wani lokaci da Malta, ya dawo inda ya taso. A kansa zan yi yawancin bayani.

Kuɗin da na gani a talla, na mu biyu ne?

Na mutum ɗaya ne, Alhaji. Ka ninka. Kuma ɗaki mafi araha suke nunawa, na can ciki wanda ba shi da taga. Kwana da abincin babban ɗakin cin abinci suna ciki. Tikitin jirgin sama, lemo, intanet, yawon gari da ganin likita ba sa ciki. Akwai kuma kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowane dare, yakan haura Yuro 10.

Wane irin kaya zan ɗinka?

Abin da kike sawa. Atamfa, abaya, leshi ɗaya na daren da ake yin kwalliya, rigar sanyi saboda iskar saman jirgi, da takalmin da za ki iya yini kina tafiya da shi. Ba mai hana ki hijabi.

Amma Hajiya, abin da ke ɓata mini rai ke nan. Sai mace ta yi mini tambaya bakwai a kan ɗinki da akwati, ba ta tambaye ni ko sau ɗaya wane gari da wane gari jirgin zai tsaya ba. Tela ba ya hana mutum shiga jirgi. Takarda ke hanawa.

To ai muna da bizar Shengen, ba shi ke nan ba?

A nan ne nake so ku nutsu, domin amsar ta danganta da abubuwa da yawa, kuma wanda ya ba ku amsa da kalma ɗaya bai duba takardunku ba.

Da fasfon Najeriya ko na Nijar, dole sai da bizar Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kowa da tasa. Kuɗinta Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ban da na ofishin da ke karɓar takardu. Sai inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Doka ta ce fasfo ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar barinku Turai, amma kamfanonin jiragen ruwa galibi wata 6 suke nema, don haka ku yi aiki da 6.

Yanzu ku ɗauko bizar ku duba layin da ke nuna sau nawa aka yarda ku shiga. In an rubuta 1, shiga ɗaya ce. Sannan ku ɗauko jerin tasoshin da jirgin zai tsaya, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Basalona, Marsai, Jenowa, Napoli, Palermo, Baleta ta Malta, Palma, duk cikin Shengen suke. Jirgin da bai fita daga waɗannan ba, a bisa ƙa'ida shiga ɗaya ta wadatar, ko da yake wasu kamfanonin sukan nemi mai shiga da yawa duk da haka, kuma a ƙofar jirgi maganarsu ce ke aiki. Amma in akwai Tunis a jerin, ko Kotor ta Montenegro, ko Istanbul da Kusadasi na Turkiyya, ko wata tasha a Saifurus ko Ingila, to kun fita daga Shengen ke nan, dawowarku shiga ta biyu ce. Kada ki ce mini "ai ba za mu sauka a Tunis ba, a ɗaki za mu zauna". Jirgin ya fita, ku ma kun fita. Ba a Tunis za a tsayar da ku ba, tun ranar farko a Basalona za a duba fasfo a ce ba za ku hau ba, kuma sharaɗin tikitin ya ce takardu nauyin fasinja ne, kuɗi ba ya dawowa.

Sai kuma ita ƙasar ta waje. Wasu ƙasashen sukan bar fasinjan jirgin ruwa ya sauka na yini ɗaya ba tare da bizarsu ba, wasu sai da ita, kuma sassaucin yakan bambanta daga fasfo zuwa fasfo. Abin da aka yi wa ɗan Jamus ba lallai a yi wa ɗan Najeriya ba, abin da aka yi bara ba lallai a yi bana ba. Ku rubuta wa kamfanin, ku ambaci irin fasfonku da sunan jirgin da ranar tashi, ku nemi amsa a rubuce, ku kuma tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar. Idan amsoshin biyu suka saɓa, ku bi wadda ta fi tsauri. Shawarata ga masu tafiyar farko: ku zaɓi jirgin da bai fita Shengen ba, ku huta da wannan duka.

Wace ƙasa za a nema wa bizar? Wadda za ku fi daɗewa a cikinta. In kwanakin sun yi daidai, wadda za ku fara shiga. A jirgin ruwa lissafin yakan rikice, domin kuna iya tashi daga Sifaniya amma tasoshi uku na Italiya ne. Abin da nake sa mutane su yi shi ne su ƙara kwana biyu a masauki a Basalona kafin hawa, sai lissafin ya fito fili, su nemi ta Sifaniya. Wannan yakan sauƙaƙa, amma hukuncin na jami'in da ke duba takardu ne.

Ga wata matsalar: ofishin biza yana son shaidar an kama muku ɗaki a jirgi, ku kuma kuna tsoron biya a hana ku biza. Tsoron yana kan hanya, ana hana mutane. Mafita ita ce a ba da kafin alƙalami kawai, bayan an karanta sharaɗin fasawa, domin cikon kuɗin yawanci sai saura wata 2 zuwa 3 ake nemansa. Ana iya shigar da takardun biza tun saura wata 6. Amsa takan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45, ban da jiran ranar ganawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In miji ne ke ɗaukar nauyi, a haɗa da takardar shaidar aure da wasiƙarsa da bayanan asusunsa na banki. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a zaure, a je a yi masa takarda tun da wuri. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, kada a rubuta wa amarya sunan miji alhali fasfonta na ɗauke da na mahaifinta. Kuma kada ku sayi tikitin jirgin sama mai bi ta Landan don ya fi araha, Ingila tana da tata bizar wucewa. Ku bi ta Alƙahira, Doha, Istanbul ko Kasablanka.

Ba zai nutse ba?

Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Rai a hannun Allah yake, a teku ko a hanyar Kaduna. Jiragen nan gari ne guda, Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 tsawonsa ya kai mita 365. Tun bayan nutsewar Titanic a 1912 aka kafa dokar kare rayuka a teku, kuma bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, aka ƙara tsaurara ta: dole a nuna wa fasinjoji wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto tun lokacin tashi. Ku je, ku biyun. Kada miji ya ce matarsa ta gaji ya je shi kaɗai.

Zan iya tafiya da turaren wuta?

A'a. Ba kasko, ba gawayi, ba na lantarki, ba kyandir, ba dutsen guga, ba abin dafa ruwa. Babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara, kuma kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi. Ana haska akwatuna, za a cire. Ki turara kayanki tun daga gida, ki riƙe humra.

Kilishi da dambun nama fa?

Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da madara daga waje a kayan fasinja. A filin jirgin sama za a karɓe. Ku ci a gida.

Matata tana da juna biyu, za ta iya?

Allah ya sauke ta lafiya. Ku ƙirga makonni. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar macen da za ta shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, kuma sukan nemi takardar likita. Malam, kada ka ce za a rufe da babban mayafi a wuce. Asibitin jirgi ƙarami ne, ba shi da kayan kula da bakwaini, kuma tsakiyar teku ba wurin gwaji ba ne. Jariri ma sai ya cika wata 6.

Yaya za mu yi salla, jirgi yana tafiya?

Kamar kowane matafiyi, da ƙasaru. A ɗaki akwai wurin shimfiɗa darduma ɗaya sosai, biyu in an matsa kujera. Daga yammacin Bahar Rum alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata kudu. Talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, ta fi abin nuna alƙibla na waya, domin ƙarfen jirgi yana rikita shi. Lokutan salla ku bi na garin da kuke kusa da shi, kuma ku sani a bazara rana takan kai ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba a Basalona. Ku tafi da ƙaramar buta ta roba. Sauran hukunci, malaminku ya fi ni.

Abincin halal ne?

Ba duka ba. Naman alade yana ko'ina a teburin abinci, kuma girkin Italiya da Faransa yakan sa giya a miya. Ku sanar da kamfanin tun lokacin kama ɗaki, ku sake gaya wa shugaban masu hidimar abinci a daren farko. Kifi, ƙwai, shinkafa, taliya, kayan lambu da 'ya'yan itace ba sa yankewa. Ba wanda ya dawo mini da yunwa. Gidan caca da mashaya suna nan, ba mai jan hannunku zuwa can.

Da gaske jirgi yana tafiya ya bar mutum?

Da gaske. Ana rubuta lokacin dawowa a bakin ƙofa, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki. Inda mutanenmu suka fi shiga haɗari shi ne birnin Rum na Italiya. A takarda za ku ga an rubuta Rum, alhali jirgin a Cibitabekiya yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin, fiye da awa ɗaya a jirgin ƙasa. In kun bi yawon da kamfanin ya shirya, motar ta makara, za a jira ku. In da kanku kuka fita sayayya, ba mai jira, kuma kuɗin cim ma jirgin a tasha ta gaba daga aljihunku ne. Ku saka wa kanku dawowa saura awa biyu, kuma kada ku rabu a gari da cewa "mu haɗu a jirgi".

Haka ranar farko. Ban yarda kowa ya sauka Basalona a safiyar da jirgi zai tashi ba. Jirgin sama ɗaya ya yi jinkiri, an yi asarar komai. Ku isa da kwana ɗaya aƙalla.

Ina jin jiri ko a mota.

Ki nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa, nan ne ya fi rashin motsi. Ki riƙe citta da maganin amai, ki sha kafin jirin ya fara. In ya taso, fita ki kalli inda teku ya haɗu da sama, kada ki kwanta kina duba waya. A bazara tekun yakan kwanta, sau da yawa sai kin leƙa za ki san ana tafiya.

Wayata za ta yi aiki?

A tasha, e. A tsakiyar teku layinka zai kama na tauraron ɗan'adam mai tsadar gaske. Kashe data da zarar an tashi.

Katin bankina na Naira zai yi?

Kada ka dogara da shi. A cikin jirgi ba a ciniki da kuɗi a hannu, katin da aka ba ka shi ne makullin ɗaki, shi ne na biya, kuma sai ka jingina shi da katin banki ko ka ajiye tsabar kuɗi. Tafi da katin asusun Dala da wasu Yuro. Duba lissafinku kowace yamma, kada ka bari sai ranar sauka.

Gado biyu muka tarar a ɗaki.

Ku gaya wa mai gyaran ɗaki, zai haɗe su kafin ku dawo daga cin abinci.

An ce a fitar da akwati waje tun dare?

E, a daren ƙarshe ana ajiye manyan akwatuna a bakin ƙofa, a kwashe, sai a tasha za ku sake ganinsu da safe. Kafin ku fitar, ku ware kayan da za ku sa gobe, da hijabi da takalmi, da magunguna, da cajar waya. Fasfo da katin rigakafin shawara su kwana a jakar hannu.