Waiwaye: Garuruwa huɗu da ke takarar sunan Imuwasu

A sura ta 24 ta Linjilar Luka ne aka ba da labarin almajirai biyu na Yesu Almasihu, ɗaya mai suna Kiliyobas, ɗayan kuwa ba a ambaci sunansa ba, waɗanda suka bar Urushalima cikin baƙin ciki ranar Lahadi suka nufi wani ƙauye da ake kira Imuwasu. Bisa ga labarin, wani baƙo ya tarar da su a hanya, suka yi ta tafiya yana bayyana musu Nassosi, amma ba su gane shi ba sai da yamma ta yi suka zauna cin abinci ya ɗauki gurasa ya gutsuttsura. A wurin Kiristoci wannan na cikin manyan shaidun tashin Almasihu daga matattu, kuma shi ya sa masu ziyarar ibada suka daɗe suna son taka ƙasar wannan ƙauye da ƙafafunsu, alhali har yau masana ba su yi ittifaƙi a kan inda yake ba.

Tushen saɓanin yana cikin lamba ɗaya. Mafi yawan tsofaffin kwafe-kwafen Linjila da aka rubuta da hannu sun ce nisan ƙauyen daga Urushalima stadiya (tsohon ma'aunin nisa na Girkawa) 60 ne, wato kusan kilomita 11, yayin da wasu, ciki har da shahararren kwafin nan na Sina'i na ƙarni na 4, suka ce 160 ne, wato kimanin kilomita 30.

Lamba ta biyun ta dace da garin Amwas da ke yamma da Urushalima, wanda shi ne ya riƙe sunan tun da daɗewa. A kusa da shi ne Yahuza Makabi ya ci rundunar Girkawan Sham da yaƙi a ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu, daga baya kuma Romawa suka ɗaukaka shi ya zama birni mai suna Nikopolis a wajajen shekarar 221. Malaman coci na ƙarni na 4, Yusibiyus da Jerom, duk sun ɗauka cewa nan ne ƙauyen da Luka yake nufi, aka kuma gina masa babbar majami'a wadda kangonta yana nan har yanzu. Abin da ke yi wa wannan ra'ayi cikas shi ne cewa Luka ya ce almajiran sun tashi nan take bayan cin abincin suka koma Urushalima suka iske 'yan'uwansu a tattare, kuma da wuya mutum ya yi tafiyar kilomita 60, zuwa da dawowa, da ƙafa a yini ɗaya, rabinta da dare, a hanya mai hawan duwatsu. A ganina wannan ƙorafi ne mai nauyi, kodayake daɗewar sunan a wurin ba abin da za a yi watsi da shi ba ne.

Musulmi ma sun san Amwas, domin da sunansa ake kiran annobar da ta ɓarke a ƙasar Sham a shekara ta 18 bayan Hijira, zamanin halifancin Umar ɗan Khaɗɗabi, wadda ta yi sanadin rasuwar manyan sahabbai irin su Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal.

Da mayaƙan gicciye na Turai suka mamaye ƙasar a ƙarshen ƙarni na 11, sai a ƙarni na 12 hankali ya karkata ga lamba 60, aka zaɓi wurin da a yau ake kira Abu Ghosh, inda suka gina majami'a mai kaurin bango a kan wata maɓuɓɓugar ruwa. Bayan da mulkinsu ya rushe, hanyar masu ziyara ta sauya, sai ƙauyen Al-Kubaiba ya gaji sunan, kuma can ne limaman ɗarikar Faransiskan ta cocin Katolika ke taruwa kowace Litinin ta bayan Ista, bikin tashin Almasihu, suna raba gurasa. Duk wuraren biyu nisansu daga Urushalima ya fi kusa da stadiya 60 ɗin, sai dai babu wata tsohuwar shaida cewa an taɓa kiran ɗayansu Imuwasu a zamanin Yesu.

Na huɗun shi ne Ƙaluniya, kusa da Moza da ke yamma da Urushalima. Marubucin tarihin Yahudawa Yosifus ya ce bayan yaƙin da Romawa suka ci Urushalima a shekarar 70, sarkin Roma Basbasiyan ya zaunar da tsofaffin sojoji 800 a wani wuri mai suna Ammawus, stadiya 30 daga Urushalima, kuma masu goyon bayan wannan wuri suna ganin 60 ɗin da Luka ya rubuta lissafin zuwa da dawowa ne.

Shi kuwa Amwas, ya ci gaba da zama ƙauyen Falasɗinawa har zuwa watan Yuni na 1967, lokacin da sojojin Isra'ila suka kori mazaunansa suka rushe shi tare da maƙwabtansa Yalo da Bait Nuba. A filin nasa ne aka kafa wurin shaƙatawa da ake kira Canada Park a shekarun 1970, kuma har yanzu ba a bar zuriyar mutanen garin sun koma sun zauna ba.